Mene ne Gasifikeshan, kuma Ta Yaya Tarkacen Katako ke Ba da Lantarki?

Gasifikeshan shi ne gasa itace cikin rufaffiyar tukunyar ƙarfe da zafi mai tsanani, ana ƙayyade masa iska, har ya rikiɗe ya zama gas mai kama wuta. Iskar da ake bari ta shiga ba ta wuce kashi 25 zuwa 30 cikin 100 na wadda zai buƙata kafin ya ƙone ƙurmus. Wannan gas ake ba injin janareta a madadin fetur. Injin dizal kuwa sai an bar masa ɗan mai na tayar da wuta, amma gas kan ɗauke masa kashi 70 zuwa 80.

Ana zuba guntayen katako ta saman tukunyar. Suna gangarowa suna bushewa, su fitar da hayaƙi, su koma gawayi. A wuyan tukunyar, inda iska ke shigowa ta ƙananan bututu, zafi kan haura digiri 1,000. Daga nan hayaƙin ya ratsa jan garwashi ya zama kabon monoksaid da haidirojin, wato gas ɗin da ke cin wuta, kowanne wajen kashi 20. Kusan rabin gas ɗin naitirojin ne da ba ya cin wuta, shi ya sa ƙarfin inji ke raguwa da sulusi ko fiye. Kilowat 1 na awa guda kan ci busasshen itace kilo 1.2 zuwa 1.5.

Babbar matsalar ita ce kwalta. In danshin itacen ya wuce kashi 20, zafin tukunyar sai ya faɗi, kwaltar da ke cikin hayaƙin ta kasa ƙonewa, ta bi gas har cikin inji. Inji na hucewa sai ta daskare a kan bawul, baƙa ƙirin mai danƙo, washegari a murza ya ƙi tashi. Don haka dole gas ya bi ta mazubin da ke kaɗe ƙura da toka, a sanyaya shi zuwa kusan digiri 40, sannan a tace. Wanda ya yi rowar kuɗin matatar gas, a gyaran inji zai biya.

Garin katako zalla yana toshe hanyar iska, sai an matse shi ya zama curi. Manyan guntaye kuma sukan sarƙe su bar rami a ƙarƙashinsu. A farkon kunnawa ana ƙone gas ɗin a waje har harshen wutar ya yi shuɗi kafin a buɗe wa inji. Kabon monoksaid guba ne marar wari, saboda haka ba a girka na'urar a rufaffen ɗaki.