Waiwaye: Allurar garkuwar jiki da mai juna biyu, daga ina tsoron ya samo asali?

Duk matar da take kan allurar antibodi, wato irin sinadarin da garkuwar jiki ke yi dan yaƙar cuta, saboda amosanin gaɓɓai ko ciwon hanji irin Crohn, ranar da awo ya nuna ciki abu na farko da ke faɗo mata a rai shi ne ta daina allurar. Kuma wallahi ban ga laifinta ba, tsoron yana da tushe.

A ƙarshen shekarun 1950 zuwa 1961 ne maganin Thalidomide, wanda ake ba masu laulayin ciki, ya sa aka haifi jarirai sama da 10,000 da guntayen hannuwa da ƙafafu. Daga nan kowa ya sha jinin jikinsa, har a 1977 hukumar kula da magunguna ta Amurka, FDA, ta ce a cire matan da za su iya ɗaukar ciki daga gwajin farko na magunguna, sai 1993 aka janye. Shi ya sa da Infliximab, ɗaya daga cikin irin waɗannan alluran, ya fito a 1998 likitoci ba su da abin faɗa wa mai ciki sai dai a yi hattara.

Alhali kuwa tun 1968 ake yi wa mata allurar Anti-D, ita ma antibodi ce fa, wadda ke kare ɗan da jininsa ya saɓa da na uwarsa, yanzu ana yinta a sati na 28 da kuma cikin awa 72 bayan haihuwa.

To abin da aka gano a hankali shi ne, mabiyiya da kanta take ɗebo antibodin uwa tana miƙa wa ɗan tayi dan ya fito da kariya, kuma ba ta bambance na jiki da na allura, amma a wata ukun farko lokacin da ake halittar gaɓoɓi kaɗan ne ke wucewa, sai ciki ya tsufa abin yake yawa. A 2021 binciken PIANO da ya bi ciki kusan 1,500 na masu ciwon hanji bai ga ƙarin nakasa ko ɓari a masu yin allurar ba, sai ma ya nuna ciwon in ya tashi shi ke jawo ɓari. Wata allurar ma mai suna Certolizumab kusan ba ta tsallakawa zuwa ɗan tayi sam.

Wurin da ya fi damuna shi ne bayan haihuwa. A 2010 aka ba da rahoton wani jariri a Ingila, uwarsa ta yi Infliximab har ƙarshen ciki, an haife shi lafiya ƙalau, aka yi masa rigakafin tarin fuka BCG yana wata 3, ya rasu yana wata 4 da rabi, dan maganin yana nan a jininsa ya danne garkuwarsa. Tun daga nan ake jinkirta rigakafi mai rayayyen ƙwayar cuta ga irin waɗannan yaran wata 6, na Infliximab wasu ƙasashen har wata 12. A ƙasashen da ake yin BCG ranar haihuwa, dole uwa ta buɗe baki ta faɗa wa nas tun kafin a ɗauko sirinji.

Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba dai. Allurar Rituximab na rage wa jariri wasu ƙwayoyin garkuwa na ɗan lokaci, na ciwon daji kuma irin su Pembrolizumab har yanzu gudunsu ake da ciki, dan suna kwance birkin da ke hana jikin uwa yaƙar ɗan tayi, kuma a gwajin dabbobi an ga ɓari.