Dokar batsa a intanet ta ƙasar Sin: me ke jawo tsarewar kwana 15, me ke jawo shekara 10?

A ƙarshen 2025 magana ta karaɗe shafukan sada zumunta na ƙasar Sin cewa daga 1 ga Janairun 2026 duk wanda ya tura wa wani hoto ko saƙon batsa a waya, ko da matarsa ce, ya taka sabuwar doka. Kafin a ankara wasu sun ƙara mata gishiri, wai ɗaurin shekaru ne. Dokoki biyu ne aka cakuɗa, kuma hukuncinsu ko kusa bai zo ɗaya ba.

Ta farko ita ce dokar ƙananan laifuffuka, wadda 'yan sanda ke zartarwa da kansu ba sai an je kotu ba. Ita aka yi wa gyara a watan Yunin 2025. Sashe na 80 ya ce wanda ya yaɗa batsa ta intanet ko ta waya za a tsare shi kwana 10 zuwa 15, ana iya haɗa masa da tarar da ba ta wuce yuan (kuɗin ƙasar Sin) 5,000 ba. Haramcin kansa tsoho ne: yana nan tun 2006, a sashe na 68 na dokar kafin gyara, lokacin tarar na tsayawa a yuan 3,000. Abin da ya ƙaru shi ne kuɗin tara, da tsananta hukunci idan batsar ta shafi yara. Dokar ta hau kan kowa, har baƙo ɗan kasuwa ko ɗalibi, wanda shi ana iya ƙara masa da kora daga ƙasar.

To saƙon miji da mata fa? Sashen ya ce "yaɗawa" ne, bai fayyace ko mutum ɗaya aka tura wa ko dubu ba, kuma a nan masu fargaba ke da ɗan abin kamawa. Sai dai mutanen Sin ba su manta da abin da ya faru a garin Yan'an a 2002 ba, inda 'yan sanda suka kutsa wa wasu ma'aurata don suna kallon faifan batsa a ɗakinsu. Ƙasa ta ɗauki zafi, ƙarshe hukuma ce ta ba da haƙuri ta biya diyya.

Ɗaurin shekaru yana cikin dokar manyan laifuffuka ne. Sashe na 364 ya tanadi har shekara 2 ga mai yaɗawa kyauta idan abin ya yi yawa. Sashe na 363 kuwa na mai neman kuɗi da ita ne: har shekara 3, ko 3 zuwa 10 idan laifin ya yi tsanani, ko 10 zuwa rai-da-rai idan ya kai maƙura. Da me ake auna tsananin? Da ƙirge. Wani bayani da kotun ƙoli da babban ofishin masu gabatar da ƙara suka fitar a 2004 ya ce idan an buɗe shafin sau 10,000, ko ribar ta kai yuan 10,000, an shiga laifi. Ninki 5 ya zama mai tsanani, ninki 25 ya kai maƙura. Ke nan rubutun da aka buɗe sau 250,000 na iya jan shekara 10. A 2004 wannan adadi babba ne. A yau, ƙasar da masu hawa intanet suka haura biliyan ɗaya, labari guda kan tara shi cikin ɗan lokaci.

Dubi Muzi Mei, 'yar jaridar Guangzhou da ta yi suna a 2003 da rubuta sirrin kwanciyarta da maza daban-daban a shafinta. An hana sayar da littafinta, ta bar aikinta, amma ba a ɗaure ta ba. A 2018 kuwa wata kotu a Wuhu, lardin Anhui, ta yanke wa marubuciyar da ake kira Tianyi fiye da shekara 10 kan ƙagaggen labarin batsa da ta sayar da kwafi kusan 7,000. A 2024 da 2025 an kama marubuta da dama, yawancinsu 'yan mata, masu sa labarai a shafin Haitang da ake biya kafin a karanta.

Akwai masu cewa ai adabi ya tsira. E, sashe na 367 ya cire littattafan likitanci da ayyukan adabi masu daraja. Amma jami'an tantancewa ne ke cewa wannan adabi ne, wancan batsa, kuma marubuciyar intanet ba ta cika samun wannan alfarma ba.

Ba na kare batsa, kuma ƙasa na da ikon tsare tarbiyyar 'ya'yanta. Abin da ke da wuyar haɗiya shi ne ma'aunin: a dokar ta Sin, fyaɗen da babu ƙarin ta'asa a cikinsa shekara 3 zuwa 10 ne. Masaniyar zamantakewa Li Yinhe ta daɗe tana kiran a soke laifin batsa gaba ɗaya, lauyoyi kuma na neman aƙalla a sabunta alƙaluman 2004. Gyaran 2025 bai taɓa su ba.