Me ake nufi da "dutse mai rai" a tankin murjani?

Duk wanda ya ƙudiri niyyar kafa tankin gilashi na ruwan gishiri a gida, irin wanda ake raya murjani (wata halittar teku mai gina ƙwarangwal mai tauri) da ƙananan kifayen teku a ciki, ba zai yi nisa da tambaya ba za a ce masa ya nemi dutse mai rai tukuna. Kalmar takan ɗaure wa sabon shiga kai. Dutse ba ya ci, ba ya sha, ba ya haihuwa, to ina rai ya shiga? Amsar ita ce ran ba na dutsen ba ne, na abin da ya mayar da dutsen gida ne.

Asalinsa ma ba irin dutsen da aka saba gani a tudu ba ne. Ƙwarangwal ne na murjanin da ya mutu tun da daɗewa, wanda igiyar ruwa ko guguwa ta karya ya zube a gindin tsaunin murjani. Sinadarinsa na alli ne, shi ya sa idan ka ɗaga shi za ka ji bai kai yadda idonka ya ƙiyasta nauyi ba. Jikinsa duk huji ne da ramuka da 'yan hanyoyi da suka ratsa har tsakiya. Shekara da shekaru yana kwance a teku, halittu suna ta tarewa a ciki: gansakuka mai tauri, ja-ja ko shunayya, da take lulluɓe shi kamar fenti, ƙananan soso, tsutsotsi masu buɗe kai kamar gashin tsuntsu, da 'yan mitsi-mitsin dangin jatan lande da kifi yake kiwo a kansu. Waɗannan su ne ido yake gani, su ne kuma mai saye yake yabawa. Amma waɗanda suka sa dutsen ya ci sunansa, ido ba ya ganinsu: ƙwayoyin bakteriya ne da suka shimfiɗu a kowane lungu nasa.

A nan ya kamata a tsaya, don wanda bai gane wannan ba kuɗinsa da kifinsa duka za su salwanta.

Kifi yana fitar da amoniya ta wurin da yake shaƙar numfashi da kuma ta kashinsa. Ragowar abincin da ya faɗa ƙasa ya ruɓe, shi ma amoniya yake zama. A teku wannan ba komai ba ne, ruwa ya fi ƙarfinsa. A tankin lita 200 kuwa guba ce, kuma ta fi cutarwa a ruwan gishiri, domin awon pH ɗinsa, wato ma'aunin tsami ko kaifin kanwa na ruwa, yana kusa da 8.2, kuma iya hawan wannan awo iya yawan amoniyar da take zama cikin sigarta mai kisa. Wani rukunin bakteriya, irin su Nitrosomonas, abincinsa ke nan: yana cin amoniya ya mayar da ita naitirait. Wani rukunin, irin su Nitrospira, ya karɓi naitirait ya mayar da shi naitiret, wanda kifi yake iya jure wa in bai taru da yawa ba. Tun wajen 1890 masanin ƙwayoyin halitta Sergei Winogradsky ya nuna cewa aikin nan hawa biyu ne, kuma ma'aikata iri biyu suke yinsa. Abin da ya shafi mai tanki a ciki shi ne waɗannan ma'aikata ba sa son yawo a ruwa, sai sun sami abin maƙalewa. Dutse mai huji dubu ya fi kowane sulɓin gilashi ba su wurin zama. Saboda haka dutsen nan da ake ɗauka ado ne, shi ne babbar matatar tankin.

Can cikin ramukan da ruwa ba ya ratsawa sosai, inda iskar oksijin ta yi ƙaranci, akwai rukuni na uku da yake mayar da naitiret iskar naitirojin ta fice. Gaskiya ne hakan yana faruwa, amma ni ban ga dalilin da mutum zai jingina da shi ba. Canza kamar kashi 10 cikin 100 na ruwan duk mako ko mako biyu ya fi tabbas.

Tunanin a bar dutsen teku ya yi tace da kansa ba sabo ba ne. Wani mai kiwon kifi a Jakarta, Lee Chin Eng, ya bayyana irin wannan tsari a farkon shekarun 1960, lokacin da yawancin mutane suke wanke komai tas kafin su sa a tanki. Daga baya masu sha'awar abin a birnin Balin na Jamus suka haɗa dutsen da haske mai ƙarfi da na'urar da take kwashe datti ta hanyar kumfa, har tsarin ya ɗauki sunan birnin. Kasuwa ta buɗe, aka yi ta kwasar dutse daga teku. Da ɓarnar ta bayyana, aka hana ɗebe shi a ruwan Filorida ta Amurka kafin shekarun 1990 su ƙare, Fiji ma ta sanar da hana fitar da shi a ƙarshen 2017. Wannan ya sa ma'anar kalmar ta faɗaɗa, kuma dole mai saye ya tambayi wanne ake nufi.

Akwai wanda aka ciro daga tsaunin murjani kai tsaye, shi ne ya yi ƙaranci yanzu, kuma ban yi baƙin cikin hakan ba. Akwai wanda aka haƙo a tudu aka zuba a teku shekara ɗaya ko biyu har halittu suka kama shi, sannan aka kwaso. Akwai kuma busasshen dutse, na haƙa ko na ƙira, wanda ba rai ko ɗaya a jikinsa ranar da ka saya, sai ka raya shi da kanka. Wasu masu ƙira suna shafa masa launin shunayya don ya yi kama da na teku. Launi ba rai ba ne.

Kowanne da abin da yake zuwa da shi. Na teku yana kawo ɗimbin halittun da ba kwalbar bakteriya ta kasuwa da za ta ba ka, tankin kuma yakan daidaita da wuri. Sai dai ba ya tantance baƙi. Yakan zo da wata 'yar halitta mai kama da fure, ruwan ƙasa, da ake kira Aiptasia, wadda take harbin murjani kuma take yaɗuwa kamar wutar daji. Yakan ɓoye ƙaguwa mai cin nama, ko jatan landen nan mai naushi da yake fasa ƙoƙon dodon koɗi, wanda sau da yawa ƙarar ƙwas-ƙwas da dare ce take tona shi. Busasshe ba shi da wannan fargaba, amma yana cin lokaci. A ganina, ga mai farawa, ya gina da busasshe ya sa 'yan gutsattsarin mai rai daga tanki mai lafiya a matsayin iri.

Dutsen teku da ya sha tafiya a kwali, wani abu a jikinsa ya riga ya mutu. Hanci ne alƙali: in ya yi ƙanshin teku, madalla, in ya yi warin ruɓaɓɓen ƙwai, bai isa shiga wurin kifi ba. Sai a sa shi a babban bokiti da ruwan gishiri, da famfo mai juya ruwa, da hita, a riƙa goge matattun wurare ana canza ruwa, mako biyu zuwa huɗu. Wasu ma sukan ajiye tsohon dutse watanni a cikin duhu don gansakuka ta mutu datti ya fita, kuma a bakin masu harkar sunan wannan aiki "dafa dutse", ko da yake ba wuta a ciki. Mai haƙuri dai aka ce yakan dafa shi. Kada kowa ya ɗauki kalmar a zahiri ya tafasa dutsen teku: wasu halittu masu laushi da suke manne masa suna ɗauke da guba mai tsanani da tururi yake iya ɗagawa. Ko taɓa shi ma, a sa safar hannu.

Raya busasshen dutse kuwa ga yadda yake. A haɗa ruwa da gishirin da aka yi musamman don tankin teku, ba na girki ba, da tataccen ruwa, ba na famfo kai tsaye ba, har awon gishiri ya kai giram 35 a lita, wato kusan 1.026 a ma'aunin nauyin ruwa. Zafi ya tsaya wajen digiri 25 zuwa 26. A jera dutsen a kan gilashin ƙasa kafin a zuba yashi, don kada kifi mai tono ya rushe ginin, a bar ƙofofi da sarari ta baya yadda ruwa zai zagaya. Tsohon ƙiyasi shi ne kilo ɗaya ga kowace lita 8 zuwa 10, amma yau da yawa suna rage wannan. Sannan a ɗiga amoniya zalla, a zuba bakteriyar kwalba ko gutsuren dutsen iri, a shiga gwaji. Amoniya za ta hau ta sauka, naitirait ya biyo ta ya sauka, naitiret ya fara bayyana. Yawanci mako huɗu zuwa shida ne. Har yanzu akwai masu jefa kifi mai taurin rai ya zama shi ne tushen amoniyar. Wannan azabtarwa ce da ba a bukata.

Bayan haka dutsen zai yi muni kafin ya yi kyau. Wata ƙura-ƙura ruwan ƙasa za ta rufe shi, kore ya biyo baya. Nan ne sabon shiga yake ruɗewa ya ciro dutse ya wanke da ruwan famfo, ya kashe abin da ya yi wata guda yana renowa. A bar shi. Ɗigo-ɗigon shunayya na gaskiya sai bayan watanni suke fitowa, in kalsiyam, sinadarin alli na cikin ruwan, ya tsaya tsakanin miligiram 400 da 450 a lita.

Abin da yake da rai kuma yana iya mutuwa. In ya bushe, ko famfo mai juya ruwa ya tsaya awanni masu yawa oksijin ya ƙare, bakteriyar za ta ragu. Maganin kifi mai ɗauke da jan ƙarfe ya fi duka illa, domin dutsen yana tsotse shi ya riƙa sakinsa a hankali, murjani da jatan lande kuwa ba sa jure masa. Kifin da ya kamu da ciwo a wani tanki daban ake yi masa magani.

Yawan bakteriyar kuma daidai abincinta yake. Ranar da gwaji ya nuna dutsen yana cinye amoniyar da aka ɗiga cikin awa 24, amoniya sifili, naitirait sifili, ƙananan kifi ɗaya ko biyu za a fara sawa, a ba shi kamar mako biyu ya ƙaru kafin a ƙara wani.