Waiwaye: yadda ƙanƙanta haruffa ya tashi daga hannun maƙera ya faɗo hannun kowa

Matse rubutu ba baƙon abu ba ne a Sakkwato. Wanda ya taɓa buɗe tsofaffin littattafan da aka kwafa da hannu, irin waɗanda ke ajiye a cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu, ya san tsarin: matani a tsakiya da manyan baƙaƙe, sharhi kuma a gefe da tsakanin layuka, siriri ƙwarai, wani ya karkace ya bi bakin takarda, wani har a juye. Takarda daga ƙetaren Sahara take zuwa, tana da tsada, don haka mai kwafi kan fere alƙalaminsa ya yi tsini ya cike kowane fili. Iyakarsa bakin alƙalami da ƙarfin idonsa.

A Turai kuwa ƙarfe ne ya sa iyakar. Kowane girma na harafin ɗab'i sai an sassaƙa shi daban an zuba shi da dalma. Pierre-Simon Fournier ya fito da poyin, wato ma'aunin girman harafi, a Faransa a 1737, masu zuba haruffa na Amurka suka tsayar da nasu a 1886, poyin 72.27 a inci guda. Akwai haruffa masu poyin huɗu da rabi tun a wancan zamani, amma maƙerin ba rage babban harafi yake yi ba. Sake zana shi yake: ya ƙara wa layukansa kauri, ya buɗe cikinsa, ya faɗaɗa tazara, don kada tawada ta toshe shi. Haka sana'ar take har lokacin da Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a 1939. Girman da babu shi a akwatin mai ɗab'i, to babu shi ke nan.

Donald Knuth, wanda ya ƙirƙiro TeX, manhajar tsara rubutu don ɗab'i, a 1978, ya riƙe wannan al'ada. Haruffansa na Computer Modern sun zo da zane daban-daban na poyin 5, 6, 7, 8, 9, 10, 12 da 17. Shi ya sa har yau ɗaliban lissafi da fiziks, irin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke rubuta kundinsu da LaTeX, manhajar da aka gina a kan TeX, kan ci karo da katanga. Umarnin \tiny yana tsayawa ne a poyin 5 ko 6, gwargwadon girman asalin rubutun. Idan ɗalibi ya nemi poyin 4 da \fontsize, manhajar kan ba shi girma mafi kusa da wanda ya nema, ta ajiye gargaɗi a wurin da ba kowa ke dubawa ba. Maganin shi ne ɗora ɗaya daga ƙunshin ƙari na LaTeX, lmodern ko fix-cm, a ba \fontsize lambobi biyu, girman harafi da tazarar layi, sannan a bi shi da \selectfont.

Kamfanin Adobe ne ya rushe katangar ga sauran jama'a. PostScript ɗinsa na 1984, wato yaren da kwamfuta ke bayyana wa injin bugu shafi da shi, ya mayar da poyin 72 cif a inci, harafi kuma ya zama zane guda da ake ja ko a tsuke yadda aka ga dama. A Word jerin girma daga 8 yake farawa, amma kana iya rubuta 1 da hannunka ya karɓa, har zuwa poyin 1638. PowerPoint ma ba ya jiran umarni, da rubutu ya cika akwati sai ya rage shi da kansa.

A shagunan buga takardu ake ganin sakamakon. Mai katin ɗaurin aure ya zo da sunayen iyalai da abokan ango fal takarda, ya ce, "Malam, rage shi dai ya shiga, kada a bar sunan kowa." Barin suna rigima ce, kowa ya sani, sai mai shago ya sauka zuwa 5 ko 4. Poyin 4 bai kai milimita ɗaya da rabi ba, ƙaramin harafi a cikinsa kuwa bai ma kai milimita guda ba. Tarayyar Turai, a dokarta ta 2011 kan rubutun jikin kayan abinci, ta sa milimita 1.2 a matsayin mafi ƙarancin tsayin ƙaramin harafi, wato wajen poyin 8 a Times New Roman. Mu kuma muna da ƙarin asara, domin lanƙwasar ƙ da ɗ da ɓ ita ke fara ɓacewa, musamman idan takardar ta bi ta injin fotokwafi sau biyu. A ganina ƙasa da 8 bai dace da rubutun Hausa a takarda ba.

A majigi kuma lambar kanta yaudara ce. Shafin Beamer, tsarin LaTeX na shirya shafukan majigi wanda Till Tantau ya fitar a 2003, tsayinsa milimita 96 ne, na PowerPoint kuwa inci bakwai da rabi, kusan ninki biyu. Idan aka haska su a bango ɗaya, 6 na Beamer ya yi daidai da wajen 12 na PowerPoint. Ɗalibin da ya ga abokinsa ya sa 6 a Beamer, shi ma ya sa 6 a PowerPoint, zai samu rabin girman ne kawai, a ɗakin da hasken rana ya riga ya dusashe majigin.