Wakaliwood: me ake gani a fim ɗin da aka yi da dala 200?

Wai mene ne Wakaliwood ɗin nan?

Wakaliga unguwar talakawa ce a Kampala, babban birnin Uganda. A nan ne Isaac Nabwana, wanda a da bulo yake bugawa, ya mayar da gidansa masana'antar fim, wadda ake yi wa laƙabi da Wakaliwood. Fim ɗinsa na 2010, *Who Killed Captain Alex?*, shi ya fito da sunansa duniya, kuma kuɗin da ya ci bai wuce dala 200 ba.

Da dala 200 har a yi fim ɗin faɗa?

An yi kuwa. Bindigogin, mai walda ne ya haɗa su da bututu da tarkacen ƙarfe. Kwamfutar tacewa Nabwana ya harhaɗa da hannunsa daga tsofaffin kaya, ga ɗaukewar wuta. Da kwamfutar ta cika masa, sai ya goge asalin fim ɗin don na gaba ya samu gurbi, shi ya sa wanda ke yawo a intanet yau kwafi ne daga faifan DVD. Jirgi mai saukar ungulu da ke ragargaza gini a ciki kuwa, ko yaro ya san aikin kwamfuta ne.

To ba dariyar rashin iyawa kawai ake musu ba?

Wasu da wannan niyyar suke zuwa, amma ba sa daɗewa a kanta. Na farko dai, 'yan wasan sun iya kung fu na gaske, suna tsalle suna faɗuwa cikin taɓo ba katifa. Na biyu, fim ɗin ya riga ka yi wa kansa dariya. Akwai VJ Emmie, mai magana a kan fim ɗin tun daga farko har ƙarshe: ya fassara, ya tsokani jarumi, ya yi ihu idan an fara ɓarin wuta. Duk wanda ya saba kallon fassarar fina-finan Indiya a Kano ba sai an yi masa bayani ba.

A ganina sirrin ke nan. Fim ɗin miliyoyi yana ɓoye ɗinkinsa, wannan kuwa kana ganin zaren da allurar, har da hannun telan.

Ina ribarsu?

'Yan wasan da kansu suke bin gida-gida da faifai, wani sa'in sanye da kayan fim ɗin, su raba kuɗin da Nabwana. Kwanaki kaɗan gare su kafin masu satar fasaha su cika kasuwa.

Yaya aka yi Turawa suka san da su?

Tallan fim ɗin ne ya bazu a YouTube. Wani Ba'amurke, Alan Hofmanis, ya gani, ya tattara ya tafi Kampala a 2011, har ya zama ɗan wasansu. A 2016 fim ɗinsu *Bad Black* ya ci kyautar 'yan kallo a bikin Fantastic Fest na birnin Austin, a 2022 kuma aka gayyace su baje kolin fasaha na documenta a birnin Kassel na Jamus, inda suka kafa wurin ɗaukar fim irin na Wakaliga.