Idan haƙorin hankali bai fito ba

Iyaye kan tambaye mu a ɗakin gyaran haƙori: "Likita, yaron nan ya haura ashirin, har yanzu haƙoransa 28. Lafiya kuwa?" Galibi lafiya lau ce. Cikakken baki haƙora 32 ne, huɗun ƙarshe su ne turamen can ƙurya da ake kira haƙoran hankali, masu fitowa tsakanin shekara 17 zuwa 25. A duniya, kusan mutum ɗaya cikin biyar ba ya taɓa samun ɗaya ko fiye daga cikinsu, ko a cikin ƙashi. Abin gado ne, yana bin jini. Ba ya hana tauna, kuma, don masu tsokana, ba ya rage hankali.

Sai dai rashin ganinsa a baki daban, rashinsa daban. Wani yana nan kwance cikin ƙashin muƙamuƙi, ya tokare na gabansa, wata rana ya kumbura dasashi har buɗe baki ya gagara. Ido ba ya raba gardamar nan, sai hoton eksire mai ɗauko muƙamuƙi gaba ɗaya. Tun yaro na da shekara 9 ko 10 ake fara hango alamarsa. In ya wuce 14 ba a ga komai ba, da wuya ya zo.

Inda abin ya fi damunmu shi ne masu son a sa musu waya don daidaita haƙora. Turmin farko na dindindin yana fitowa ne wajen shekara 6, a bayan haƙoran nono, ba tare da an yi famfara ba. Iyaye sai su ɗauka zai faɗi, a bar shi da alewa har ya ruɓe. In ya zama dole a cire shi, a kan jawo na biyu ya maye gurbinsa, na hankali kuma ya zauna a mazaunin na biyu. To in babu na hankalin fa? Dole lissafi ya canza, a yi ƙoƙarin ceto ruɓaɓɓen da ciko ko wankin jijiya, wato a cire jijiyar cikin haƙorin a cike gurbin.

Shi ya sa nake roƙo, kada a kai yaro wurin wanzami a fizge masa turmi. A fara ɗaukar hoto. Wanda ba shi da haƙorin hankali kuma a ƙirga masa sauran, don wani lokaci akan tarar wani haƙorin ma bai zo ba.