Ciwon Ƙugu Ne Ko Ƙoda? Kira Ga Manoma

Da zarar kaka ta shigo, rabin mazan da ke zuwa ɗan asibitinmu ƙara ɗaya suke kawowa: "Malam, bayana ne." Yawancinsu sun riga sun bi ta kemis, an haɗa musu ƙwayoyi huɗu ko biyar a leda, sun sha kwana uku, abin bai yi ba sannan suka tuna da mu.

Mafi yawan wannan ciwo na aiki ne. Mutum ya wuni sunkuye da gajeriyar fartanya, ko yana dashen shinkafa, yamma ta yi ya sungumi buhun masara shi kaɗai don kada a ce ƙarfinsa ya ƙare. Irin wannan ciwo a ƙugu yake zama. Yana tashi in ka sunkuya ko ka juya, yana lafawa in ka huta. Babu zazzaɓi, fitsari lafiya lau. Farasitamol, gashi da ruwan ɗumi da rage aiki mai nauyi na 'yan kwanaki sukan wadatar, kuma yawanci yakan tafi cikin makonni kaɗan. Kada dai a kwanta a tabarma mako guda. 'Yar tafiya ta fi kwanciya amfani. In za ka ɗauki buhu, durƙusa da gwiwa, ka jawo shi jikinka, ko ka kira ɗan'uwa ku kama.

Ciwon ƙoda daban yake. Ƙoda ba a ƙugu take ba, tana sama, ƙarƙashin haƙarƙarin ƙarshe ta baya. In ƙwayoyin cuta suka hau daga mafitsara suka kama ta, ciwon yakan tsaya a kwiɓi ɗaya, kuma ko ka kwanta ko ka zauna yana nan. Zazzaɓi mai zafi yana biye da shi, da rawar sanyi, da tashin zuciya ko amai. Fitsari yana zafi, ko ya yi gurɓi-gurɓi da wari, ko a riƙa jin sa kowane lokaci. Wanda ya zo mini da waɗannan, tambayata ta farko ita ce: "Baba, yaya fitsarin?" Dattawa da yawa kunyar wannan tambaya suke ji, alhali amsarta ce ke nuna mana hanya.

Matsalar ita ce a wajenmu duk zazzaɓi na cizon sauro ne, in bai ji magani ba a ce taifot. Shi ya sa muke yin gwaji biyu, na jini don maleriya da na fitsari. Gwajin fitsari na tsinke minti kaɗan yake ɗauka. In an tabbatar ƙwayoyin cuta ne suka kama ƙoda, maganin kashe su ake bayarwa, galibi na kwana 7 zuwa 14, gwargwadon irin maganin. Sauƙi yakan zo cikin kwana biyu ko uku, a nan ne mutane ke ajiye sauran su koma gona. A shanye shi duka. Wanda amai ya hana shi riƙe magani, da mai ciwon suga, da tsoho, da mace mai ciki, waɗannan sai babban asibiti, wataƙila da allura da ƙarin ruwa. Mata sun fi maza kamuwa, kuma ga mai juna biyu abin yana iya jawo naƙuda kafin lokaci.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙwayoyin nan na leda. Akasari a ciki akwai diclofenac, ibuprofen ko piroxicam, wani lokaci biyu a haɗe. Suna kashe zafin ciwo, gaskiya ne, amma suna rage jinin da ke zuwa ƙoda. Mutum yana cikin rana, gumi ya tsiyaye, bai sha ruwan kirki ba, sannan ya ɗora su kullum har wata guda: ƙodar da take lafiya ma za ta jigata, balle wadda cuta ta kama. Duk wanda ya san halin da iyalai ke ciki a yankin Gashuwa ta Jihar Yobe saboda wankin ƙoda, ba zai ɗauki wannan magana da wasa ba. Ku tafi gona da jarkar ruwa, ku sha kafin ƙishi ya kama ku. Fitsari in ya yi ja kamar shayi, sau da yawa alama ce ruwa ya yi ƙaranci a jiki.

Masu noman rani a wurare irin su Kadawa da Bakolori, jini a ƙarshen fitsari alamar tsargiya ce, ba alamar balaga ba kamar yadda ake faɗa wa yara. Praziquantel yana maganinta, barin ta shekaru kuwa yana lalata mafitsara da ƙoda.

Ciwon baya da ya zo da mutuwar ƙafa, ko kasa riƙe fitsari da bayan gida, a tafi asibiti ranar, ba a kwana da shi. Wanda kuma ya daɗe da rama da gumin dare, a duba shi ko tarin fuka ne ya kama ƙashin baya.